Sa wa tsohuwar akori-kura okzilari: wuraren da aikin ya fi lalacewa

Duk mai gona a bayan Kujama ko can wajen Saminaka ya san abin da watan Agusta ke yi wa hanya. Akori-kurar da ta shekara talatin tana ɗaukar taki da masara sai ta iso kan laka ta tsaya tana wulwula tayoyin baya, kai kuma kana roƙon samarin ƙauye su zo su tura. A nan tunanin yake zuwa: me zai hana a sa mata okzilari ta riƙa ja da ƙafa huɗu? Ana yi, kuma ana dacewa. Ni ma na yi wa tsohuwar Hilux ɗina, amma sai da na sha wuya kafin ta zauna daidai, kuma kusan duk wuyar daga wuri guda ta fito, wato sayen kaya tsinci-tsinci.

Ga yadda akan yi. Mutum ya shiga Panteka ya ga aksil na gaba da araha ya ɗauka. Bayan sati biyu ya samo tiransifa, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a wani shagon, farfela kuma, sandar da ke kai juyi zuwa aksil, daga wata motar daban. Kowane ɗaya lafiyarsa ƙalau, amma ba 'yan gida ɗaya ba ne. Ranar da muka fara gwada tawa, a cikin yashi ta tafi sumul, har bakanikena ya ce, "Alhaji, ai magana ta ƙare." Muna hawa busasshiyar ƙasa sai ta fara tirjiya tana tsalle kamar jakin da ake ja da igiya, sandar okzilarin kuma ta ƙi fita sai da muka ɗaga ƙafa ɗaya da jak. Da aka buɗe dif biyun, wato ƙullin giyoyin da ke cikin kowane aksil, aka ƙirga haƙora, na baya babban giyarsa 41 ƙaramin 10, na gaba kuma 41 da 9. Ka raba: na baya 4.10, na gaba 4.56. Ke nan tayoyin baya sun fi na gaba sauri da kusan kashi 11 cikin ɗari, baya na ingiza gaba, gaba na taka wa baya birki. Yashi yana ɓoye wannan saboda taya na samun damar zamewa. A kan ƙasa mai ƙarfi kuwa, wani abu ne zai karye, ko haƙorin giya ko gaɓar farfela.

Ba sai an buɗe dif ake ganewa ba, kuma tun a gaban mai shago ya kamata a gwada. Ka sa alli a bakin da farfela ke kamawa, ka sa a hob ɗaya, wato inda ake ɗaure taya. Wani ya riƙe ɗaya hob ɗin kada ya motsa, kai ka juya naka zagaye biyu cif, kana ƙirga zagayen bakin farfelar. Huɗu da ɗan ɗoriya, 4.10 ke nan. Huɗu da rabi, 4.56. In aksil na gaba ne mai makulli a hob, a kulle shi tukuna. Ka yi wa na motarka haka kafin ka bar gida, da ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka rubuta. In ba su zo ɗaya ba, ko a canza giyoyin cikin dif ɗaya, ko a sayi aksil biyun na mota guda, wanda ya fi sauƙi.

Wani abin da ake mantawa shi ne ɓangaren da dif na gaba yake. Ba a tsakiya yake zama ba, yana karkata dama ko hagu, kuma dole bakin tiransifa ya sauko ta wannan ɓangaren. Na ga wanda ya sayi aksil mai dif a dama da tiransifa mai fita ta hagu, mai walda kuma ya ce a kife aksil ɗin kawai. In aka kife shi, tayoyin gaba baya za su riƙa ja. Haka giyabos: na mota mai jan baya kawai yana da doguwar wutsiya, ba shi da mazaunin tiransifa. A nemi giyabos da tiransifa a haɗe, tare da ƙarfen da suke zama a kai.

Shi ya sa shawarata ɗaya ce: a nemi mota sukutum mai okzilari, irin taka kuma zamaninta, wadda ta yi haɗari ko injinta ya mutu, a kwashe komai daga jikinta. Toyota ta fara fitar da Hilux mai jan ƙafa huɗu a 1979, da aksil ɗan sanda a gaba a kan sifirin mai falle-falle, tayoyinta masu noti shida. 'Yar'uwarta mai jan baya kuwa kowace ƙafar gaba zamanta daban, noti biyar, shasinta ma ba iri ɗaya ba ne duk da fuskarsu ta yi kama. Sau da yawa ya fi arha a ɗauke kan motarka da bodinta a ɗora kan shasin mai okzilarin, maimakon a yi ta yanka da walda. Sai dai lambar shasi ta canza ke nan. Ka karɓi rasit da takardun waccan motar, ka je a gyara takardunka, tun kafin 'yan VIO su tare ka a Kawo ka rasa bakin magana.

Masu Peugeot 504 su ma kan zo da wannan buƙata, kuma ba abin mamaki ba ne a Kaduna, garin da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kakuri tun 1975. Gaskiya ne akwai 504 mai jan ƙafa huɗu. Wani kamfani a Faransa mai suna Dangel ya fara yin su a 1980. Amma su ƙera kayan suka yi musamman, domin ƙafafun gaban 504 a jikin bodi suke ɗaure, babu dogon shasin da za a rataya aksil ɗan sanda a gaba. Ni dai ba zan ba mai 504 shawarar ya fara ba. Ya sa mata tayoyi masu manyan haƙora, ya ɗora buhu uku ko huɗu a kan ƙafafun baya, za ta ba shi mamaki a laka.

In kuwa sai an rataya aksil a shasin da ke akwai, to a nan ake ganin gwanin mai walda. Kuskuren da aka fi yi shi ne aiki da ido. Kunnuwan sifirin su kauce da faɗin yatsa ɗaya, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kare, tana cin taya. A auna daga kusurwa zuwa kusurwa, hagu da dama su zo ɗaya, a ɗiga walda kaɗan, a sauke motar kan ƙafafunta da nauyin inji, a sake aunawa, sannan a ƙone. Kada a ja walda ta gitta saman shasi ko ƙasansa, nan yake tsagewa daga baya. A lulluɓa faranti a gefe, a ɗaure da bol masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu, ba na shagon kayan gini ba.

Akwai wani da ba a gani sai an hau titi. Ka dubi ƙahon keke, ya ɗan kwanta baya, shi ya sa keke ke miƙewa ko an saki hannu. Ƙafar gaban mota ma haka take, da ɗan kwanci na 'yan digiri, makanikai na ce masa kasta. Idan aka ɗaga mota, farfelar gaba takan yi tsaye da yawa, sai a murɗa aksil ɗin sama don bakin dif ya kalli tiransifa. Farfela ta samu sauƙi, kasta ta tafi. Sai ka ga mota tana yawo a Baifas, sitiyari ba ya komowa bayan kwana, in ta faɗa rami kuma ta kama kakkarwa har sai ka tsaya. Mutane kan yi ta canza tayarod da shoka a banza. Gyaran shi ne a mayar da aksil kwancinsa, a rage tsawon da aka ɗaga motar. Dungun ƙarfe kuwa tsakanin sifirin da aksil na gaba don ƙara tsawo, kada ka yarda ko wa ya ce maka yana yi. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fizge shi.

Kaskon baƙin mai ma a duba. A mota mai jan baya, cikinsa yakan sauko daidai inda dif na gaba zai zauna. A gareji za ka ga akwai tazara, amma ranar da ka ɗauko citta daga Kachia ka daki rami, dif ya tashi ya fasa shi. A sa kaskon mai okzilari tare da bututun tsotson mansa, a kuma mayar da robobin da ke tare aksil kada ya wuce iyaka.

Farfela in za a rage ko a ƙara, a kai wa mai injin feƙe ƙarfe, ba a ƙasa da guduma ba. Kunnuwan gaɓoɓinta biyu su kalli waje ɗaya, in sun saɓa za ta yi ta girgiza ko da sababbi ne. A bar mata wurin shiga da fita, domin tsawonta na canzawa duk lokacin da sifirin ya lotsa. Tiyon birki kuma a ɗaga motar har ƙafafu su rataya, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a ga bai ɗame ba. In aksil ɗin da aka sa mai birkin faifai ne alhali na da mai birkin ganga ne, a ɗauko masta silinda na waccan motar.

Taya huɗun, har da safaya, su zama lamba ɗaya kuma cinsu kusa da juna. Haɗa 'yan Beljiyam, wannan babba wancan ƙarami, shi ne dai matsalar haƙoran dif ta dawo ta bayan gida.

Sauran ɓarnar ta direba ce. Irin wannan okzilarin ba shi da dif a tsakiya, don haka ba na kwalta ba ne. Da ka fito daga laka ka cire shi, ka buɗe makullan hob, in sandar ta ƙi fita ka ɗan yi baya kaɗan a miƙe. A rani kuma kada a bar shi wata da watanni ba a taɓa ba, a riƙa kulle hob ana ɗan tafiya da shi don mai ya zaga. Bayan kwanakin farko a koma a ƙara ɗaure notin da ke riƙe sifirin da aksil, sukan saki. In kana tsallaka rafi, ka sa dogon tiyo a hancin da dif ke shaƙar iska ka ɗaure shi sama kusa da inji, domin dif mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙar ruwa yake yi. Bayan damina ka kwance notin ƙasa ka tara a kwano. In man ya fito fari-fari kamar kunun gyaɗa, a zubar a zuba sabon 80W-90 kafin a fara kwasar masara.