Yadda Ake Wanke Babur da Kula da Sarƙarsa

1. A bari injin ya huce, sannan a ɗora babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, a toshe bakin salansa da leda.

2. A wanke jikinsa da soso da ruwan sabulu daga sama zuwa ƙasa, a ɗauraye, a goge da busasshen tsumma.

3. A goge sarƙar da kananzir da tsohon buroshi, ana juya tayar baya da hannu. Kada a kunna inji a wannan lokaci, domin sarƙa mai gudu tana iya cinye yatsa.

4. Idan ta bushe, a ɗiga mata man giya kaɗan ta cikinta, a share rarar, saboda mai da yawa ƙura yake tarawa, musamman lokacin hunturu.

5. A danna tsakiyar sarƙar. Motsinta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3.