Babi na Bakwai: Ɗanyen Abinci da Ƙarfin Jiki Bayan Shekara 40

A Amurka da Turai akwai mutanen da suka bar nama da kifi da ƙwai da madara, suka kuma bar dafa abinci. Ganye da 'ya'yan itace da iri kawai suke ci, kuma ba sa barin zafin abincin ya wuce ma'auni 48, wato bai kai rabin zafin tafasasshen ruwa ba. Labarinsu ya iso mana ta waya, har wasu magidanta da iyaye mata suna son gwadawa don rage teɓa. Wannan babi na wanda ya ba shekara 40 baya ne kuma yake son gwadawa. Ku karanta a hankali. Inda kalma ta yi wuya ku tsaya ku tambayi malami, tambaya ba abin kunya ba ce.

Darasi na 1: Wanki

Wannan darasi ya fi sauran muhimmanci, kuma a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Wuta ita ke kashe ƙwayoyin cuta a cikin abinci. Wanda ya ajiye wuta, ba shi da mai tsaro sai wanki. Latas da kabeji da karas na fadama, da yawa da ruwan kwata ake ba su ruwa, ga takin dabbobi. Ta nan ake ɗaukar amai da gudawa, da taifod, da tsutsar ciki. Ƙwayar cuta ba ta ganuwa da ido, don haka ganye yana iya yin shar yana sheƙi alhali yana ɗauke da ita.

Ga yadda ake yi:

1. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa ganye. Har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.
2. Ku tanadi ruwa mai tsabta. Ruwa mai tsabta shi ne wanda aka tafasa ya yi minti 1 yana ɓararraka, aka rufe ya huce. Ko wanda aka sa wa maganin tace ruwa kamar yadda aka rubuta a jikin kwalba, aka jira minti 30.
3. Ku cire ganyen waje na kabeji da latas ku zubar. Sauran ku raba shi ganye ɗaya ɗaya.
4. Ku wanke a kwano na farko, kuna murza kowane ganye da yatsa. Ku ɗaga ganyen ku fitar da shi, sannan ku zubar da ruwan.
5. Ku sake da sabon ruwa. Ku sake kuma. Sau uku, ruwa uku.
6. Sai bayan nan za a yanka, da wuƙa wankakkiya, a kan faranti wankakke.

Ku duba mataki na 4 da kyau. Ganyen ake ɗagawa daga ruwa. Idan kuka tsiyaye ruwan ganye yana ciki, ƙasar da ta kwanta a gindin kwano za ta koma kan ganyen, aikin ya tashi a banza. Ku ɗaga ganye, ku zubar da ruwa. Ku faɗa da baki yanzu: a ɗaga ganye, a zubar da ruwa. Madalla.

Ku duba mataki na 6 kuma. Wanki ne farko, yanka daga baya. Kankana da gwanda da mangwaro ma haka, ko da ba za a ci ɓawonsu ba, domin wuƙa tana kwashe dattin baya ta shiga da shi ciki. Wasu suna cewa ai sun zuba gishiri. Gishiri yana fitar da ƙananan ƙwari, amma ba ya maye gurbin ruwa uku. Wasu kuma suna tsoma kabeji guda cikin bokiti su fitar su ce sun wanke. Wannan ba wanki ba ne, jiƙawa ce. An faɗa, an maimaita, amma har yanzu ana samun mai yi. Don Allah ku daina. Mutum mai shekara 50 ba ya jure gudawar kwana uku kamar saurayi.

Rubuta a littafinka: Sau nawa ake canza ruwa? Wanne ne farko, wanki ko yanka?

Darasi na 2: Abin da ke gina tsoka

Daga shekara 30 tsokar jiki takan fara raguwa kaɗan kaɗan, kuma ganye da 'ya'yan itace ba su da isasshen abin da zai riƙe ta. Abincin da ke gina tsoka shi ake kira furotin. Mai nauyin kilo 60 yana bukatar akalla giram 48 a rana. Cikin tafin hannu ɗaya na ɗanyar gyaɗa ɓararriya, kamar giram 30, yana ba da giram 7 kawai. Ku lissafa: 48 a raba 7, kusan tafi 7 ke nan. Wannan gyaɗa ta yi yawa, shi ya sa ake haɗawa da riɗi da 'ya'yan kabewa da garin zogale da aka shanya a inuwa. Kunun aya da dabino da kwakwa yana ba da ƙarfi, amma furotin ɗinsa kaɗan ne, kuma yana tsami a yini ɗaya idan babu firji.

Ku tsince gyaɗa. Duk wadda ta yi baƙi, ko ta yanƙwane, ko tana ɗaci, ku zubar, domin funfunar gyaɗa tana da gubar da ke lalata hanta. Kada ku ci ɗanyen wake ko ɗanyen rogo ko kaɗan. Suna da guba, sai an dafa ko an sarrafa take fita.

Shawarar wannan littafi ita ce ku ci gaba da sa dafaffen wake a cikin abincinku. A wani bincike da aka yi a Jamus aka buga a 1999, masu cin ɗanye zalla na tsawon lokaci sun rame ƙwarai, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Rama ba ita ce lafiya ba.

Darasi na 3: Bitamin B12

Ana rubuta shi da harafin B da lamba 12. Babu shi a zogale, babu shi a dabino, babu shi a kowane ganye da za a dogara da shi. Hanta tana ajiye shi na wasu shekaru, shi ya sa mutum yake zaton lafiya lau yake, sai daga baya ƙarancin jini da jin jijjiga a yatsun ƙafa da mantuwa su bayyana. Wanda ya bar nama da madara dole ya sha ƙwayarsa. A jikin kwalba za ku ga haruffa uku, mcg, shi ne ma'aunin. Akalla 10 kullum, ko 2,000 sau ɗaya a mako. Ku nuna wa mai kantin magani wannan shafi.

Mai ciwon suga, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin hawan jini, da mai ciki ko shayarwa, kada ya fara sai ya ga likita.

Darasi na 4: Motsa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako. Wato tafiya da sauri minti 30, kwana 5. Sau biyu a mako ku yi aikin ƙarfi: ku tashi daga kujera ku zauna sau 10 ba tare da dafa gwiwa ba, ku huta, ku sake. Idan kun ji jiri ko ciwon ƙirji, ku tsaya.

Darasi na 5: Awo

Ku hau ma'auni sau ɗaya a wata, ku rubuta kilo da kwanan wata a bayan littafinku. Idan lambar tana sauka wata bayan wata, ku kai wa likita littafin. Mako mai zuwa kowa ya zo da kabeji ɗaya da kwano biyu, za a sake darasi na 1.