Girki da tukunyar furesha ta lantarki: abin da ya kamata ki sani kafin ki rufe murfi

Da yawa daga cikin masu sayen tukunyar furesha ta lantarki abu biyu ne ke samunsu, ko dai tsoro ya hana su fito da ita daga kwali, ko kuma su gwada sau ɗaya shinkafa ta caɓe nama ya fito da tauri, sai su ce ai kayan banza ne a ɗora ta saman kabad ƙura ta yi ta hawa. Ni dai a ganina ba laifin tukunyar ba ne, matsalar ita ce ana so a bi da ita irin yadda ake bi da tukunyar da aka saba, a riƙa buɗewa ana leƙawa ana ƙara ruwa ana ɗanɗana gishiri. Ita kuwa wannan da zarar kin rufe shikenan, da abin da kika zuba za ta yi aiki. Saboda haka duk wani tunani da lissafi kafin rufe murfi ake yinsa.

Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Celsius, kuma komai ƙarfin wutar da kika saka ba zai wuce nan ba sai dai ya yi ta ƙafewa. Amma in aka toshe wa tururi hanya sai ya taru ya danne ruwan, wannan dannewar ita ce furesha, sai zafin ya haura. Masu lantarkin nan yawanci suna kaiwa wajen digiri 115 zuwa 118, na ɗorawa kan gas kuma suna iya kai 121, shi ya sa in kin samu lokacin girkin da aka rubuta don ta kan gas sai ki ɗan ƙara mintuna kaɗan. Dabarar fa tsohuwa ce, wani Bafaranshe Denis Papin ne ya ƙera irinta tun 1679, ta lantarkin da ta fi yin suna kuma wato Instant Pot a Kanada aka fito da ita a 2010, yanzu kam kamfanoni barkatai ke yin nasu, sunan maɓallai ne kawai ke bambanta amma aikin ɗaya ne.

Ranar farko kar ki fara da abinci. Ki juya murfin ki duba cikinsa, akwai wani zoben roba da ya zagaye shi, ki bi shi da yatsa ki tabbatar ya zauna daram a bayan ƙarfen da ke riƙe shi, babu inda ya taso ko ya murɗe. Sai ki duba ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai hawa da sauka, ki tura shi da yatsa ki ga yana motsi ba ya maƙalewa, shi ne zai riƙa gaya miki ko akwai furesha a ciki ko babu. Toh sai ki zuba ruwa kofi uku a tukunyar ciki, ki rufe, ki juya bawul ɗin sama, wato mafitar tururi, zuwa inda aka rubuta Sealing don ya toshe, ki danna Pressure Cook ko Manual ki sa minti 5. Ki tsaya ki kalla. Za ki ji ruwa ya fara ƙara, ɗan tururi na fita ta wajen ƙaramin ƙarfen yana fis-fis, can sai ki ga ya yi tsalle ya tashi, tururin ya ɗauke, bayan ɗan lokaci lamba ta fara sauka daga 5. In kin ga tururi na ta fita ta gefen murfi bai tsaya ba, robar ce ba ta zauna ba, ki kashe ki gyara. Wannan gwajin shi ke cire tsoro gaskiya, don kin ga komai da idonki ba tare da asarar nama ba.

Maganar ruwa ita ce inda aka fi tafka kuskure. Tukunyar ba ta aiki sai da ruwa mai tsinkewa wanda zai zama tururi, a ta lita 6 kada ya gaza kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ta lita 8 kuma ki sa kofi biyu, ki duba ɗan littafin da ya zo da taki. Romo ma ruwa ne, amma niƙaƙƙen tumatir mai kauri ba ya cikin lissafi, mai ma haka. A ɗaya ɓangaren kuma ruwan da kika zuba kusan duk yana nan ba inda zai je tunda ba ya ƙafewa, ga nama da albasa da kayan lambu su ma suna fitar da nasu, in kika zuba yadda kika saba sai ki buɗe ki tarar da miya tsululu ba ɗanɗano. Ki rage hannu sosai. In ya yi yawa bayan kin buɗe sai ki danna Sauté, wato maɓallin suya, ki bar shi a buɗe ya ɗan tsotse.

Kada ki cika ta ta wuce kashi biyu cikin uku, akwai layi a jikin tukunyar ciki. In kuwa wake ne ko shinkafa ko duk wani abu mai kumbura da kumfa, rabi kawai, saboda kumfar na iya hawa ta toshe bawul, kuma wannan shi ne abin da ba a so ya faru.

Sai batun lokaci, nan ne masu talla ba sa faɗin gaskiya duka. In an ce shinkafa minti 4 ba wai nan da minti 4 za ki zuba a faranti ba. Tukunyar sai ta ɗauki wajen minti 10 zuwa 15 kafin furesha ta haɗu, in ta cika sosai ko kin zuba ruwan sanyi ko naman firiza ya fi haka, sannan lokacin da kika danna ya fara ƙirga, sannan kuma a jira tururi ya sauka. Wato ki ƙara kamar minti 20 zuwa 25 kan duk lambar da kika gani. In kina sauri ki zuba ruwan zafi maimakon na sanyi, yana rage jira. Wani abin da mutane ba sa ganewa, in kin ninka yawan abinci ba a ninka lokaci, kaurin yankan nama ne ke sa a ƙara minti ba yawansa ba. Masu zama a wuri mai tudu sosai, sama da mita 600 daga matakin teku, su kuma su ƙara kamar kashi 5 cikin 100 na lokacin kan kowace mita 300 da ta ƙaru bayan 600 ɗin.

Sakin tururi iri biyu ne kuma zaɓen wanda ya dace shi ne rabin iya girki da wannan tukunya. Ko dai ki bar ta ta huce da kanta har ƙaramin ƙarfen ya faɗa, ko ki juya bawul zuwa Venting tururi ya fita lokaci guda. Nama, wake, shinkafa, romo da duk abu mai ruwa da yawa, a bar su su sauka da kansu aƙalla minti 10 zuwa 15. In kika saki tururin nama nan take, ruwan jikinsa ne zai tafasa da ƙarfi ya fice, sai ki ga naman ya nuna amma ya bushe yana sili-sili a baki. Wake kuma fashewa zai yi ya feso miki kumfa har bango. Dankali, karas, kabeji da makamantansu su ne ake saki da sauri don in kika bar su za su narke. Lokacin sakin ki yi amfani da doguwar muciya ko cokali, fuska da hannu nesa, kada ki rufe bawul da tsumma, kuma kar ki ajiye tukunyar ƙarƙashin kabad ɗin katako don tururin yana ɓata shi. Yara ma a kore su daga kicin a wannan lokacin, ƙarar kaɗai tana firgita su. Ko wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar girki, kar ki yi kokawa da murfi, in ƙaramin ƙarfen bai sauka ba ba a buɗewa, tukunyar ma ba za ta bari ba.

Toh ga abincin da kansa. Farar shinkafa ki wanke ta har ruwan ya washe, ki tsane, kofi ɗaya na shinkafa kofi ɗaya na ruwa, eh ɗaya da ɗaya, na san zai yi miki kaɗan a ido amma ki daure. Minti 4 a furesha mai ƙarfi, ki bar ta minti 10 ba taɓawa, sannan ki saki sauran tururin ki buɗe ki barbaza da cokali mai yatsu. Wadda aka riga aka turara a kamfani tana son ɗan ƙarin ruwa, kamar kofi ɗaya da kwata, da minti 6. Mai ruwan ƙasa wadda ba a goge ba minti 22.

Wake shi ne inda tukunyar nan ke biyan kuɗinta. Farin wake in ba a jiƙa ba minti 15 zuwa 20, in an jiƙa kwana minti 6 zuwa 8 ya isa, ruwa ya sha kansa da kamar gaɓar yatsa biyu, ki ɗiga cokali ɗaya na mai don ya kwantar da kumfa. Waken da ya daɗe a ajiye yana da taurin kai, in kin buɗe bai yi ba ki mayar da murfi ki ƙara minti 5, tunda da zafinta ba za ta daɗe ba ta sake haɗa furesha. Tumatir da lemun tsami da duk abu mai tsami suna hana wake laushi, sai ya nuna ake sa su. Jan wake manya ɗin nan kuma kada ki dafa shi ɗanye da maɓallin Slow Cook mai dafawa a hankali da ƙaramin zafi, yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda sai tafasa mai ƙarfi ke kashewa, a furesha babu matsala.

Naman sa yanka matsakaita minti 30 zuwa 35, wutsiya da ƙafa minti 45 zuwa awa ɗaya, romon ƙashi ki ba shi awa biyu ki ga yadda zai yi danƙo in ya huce. Kaza matashiya yankakkiya minti 8 zuwa 10, tsohuwa mai tauri 25 zuwa 30, in kina da ma'aunin zafin nama cikin kaza ya kai digiri 74. Amma don Allah kafin ki rufe ki soya naman tukuna. Ki danna Sauté, mai ya yi zafi, ki jera naman kaɗan-kaɗan ya yi ja ta kowane gefe ki kwashe, ki soya albasa, sannan ki zuba ruwa ko romo ki kankare gindin tukunyar da cokalin katako har ki ji ya yi sumul babu abin da ya maƙale. Wannan kamun na ƙasa ɗanɗano ne in ya narke cikin romo, in kuma kika bar shi shi ne zai sa tukunya ta rubuto miki Burn ta tsaya cak.

Ita Burn ɗin nan ba lalacewa ba ce, na'urar ƙasa ce ta ji zafi ya yi yawa ta yanke wuta. Ki kashe, ki saki tururi, ki juye abincin ki kankare ƙasan ki ƙara rabin kofin ruwa ki sake. Hanyar kauce mata ita ce jeri, ruwa a ƙasa, nama ko shinkafa a tsakiya, tumatir da duk abu mai kauri a can sama kuma kar ki juya, ki bar shi haka ki rufe. Madara, fulawa, garin kaɗa miya, cuku, duk bayan an buɗe ake sa su.

Ƙwai yana da daɗin yi, kofi ɗaya na ruwa, ki ɗora su kan ɗan ƙarfen da ke zuwa da tukunyar, minti 5 na dahuwa, minti 5 na jira, minti 5 cikin ruwan sanyi, ɓawon zamewa yake yi kawai. Dankali yankakke minti 4 zuwa 5. Kifi da ganye kuwa ni ban ga amfanin wahalar ba, kafin furesha ta haɗu ma kin gama su a tukunyar gas. Haka suya, kada ki kuskura ki cika ta da mai ki rufe da sunan soya kaza a furesha, ba a yi ta don haka ba kuma haɗari ne babba. Duk abin da kike so ya yi ƙaras-ƙaras ba nan ne wurinsa ba.

Gishiri da kayan ƙamshi ki sa da sauƙi da farko, ki gyara bayan kin buɗe. Tafarnuwa da ɗanyen ganye masu ƙamshi suna dusashewa a furesha, ki ajiye kaɗan ki zuba a ƙarshe.

Bayan an gama ki zare filogi, tukunyar ciki a wanke ta yadda aka saba, gangar jikin mai waya kuwa ba ta shiga ruwa, goge ta ake yi da ɗanyen tsumma, ki bi ramin bakin da tsohon buroshi don nan tarkacen abinci ke taruwa. Ki cire robar ki wanke daban, ki ɓalle ɗan murfin ƙarfen da ke ƙarƙashin bawul ki duba ko ƙwayar shinkafa ta shige, ki zubar da ruwan ɗan kofin da ke maƙale a baya wanda kowa ke mantawa da shi har ya fara wari. Robar tana riƙe ƙamshin abinci sosai, in ya dame ki ki sa kofi ɗaya na ruwa da kofi ɗaya na binega, wato khal, ki kunna minti 2, ko ki sayi biyu, ɗaya ta nama ɗaya ta kayan zaƙi. In ta saki ko ta tsage a canza ta, yawanci shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi take yi. Wurin ajiya kuma ki kifa murfin a birkice a kan tukunyar kar ki kulle shi, iska ta riƙa shiga, kuma kullum ki tabbatar bayan tukunyar ciki a bushe yake kafin ki mayar da ita mazauninta.