Yadda ake zaɓar gilashin karatu a kasuwa ba tare da an yi asara ba

Da zarar mutum ya haura shekara 40 sai ka ga yana nisanta waya ko Alƙur'ani da fuskarsa kafin baƙi ya fito. Dalilin yana cikin ido. Ƙarfin ido na tattara haske ya kai kusan 60 a irin ma'aunin da ake rubutawa a jikin gilashi. Kashi biyu cikin uku yana fitowa daga fatar gaba mai garai-garai, wadda ba ta sauyawa. Sauran na wani ɗan madubi ne mai laushi a bayan baƙin ido, wanda tsoka ke sa shi ƙara kumbura idan za a duba abu na kusa. Shi ne ke taurara da shekaru, gilashin karatu kuma gurbinsa yake cikewa.

Fara da awo tun a gida. Ɗauki tef na tela, ka zauna yadda ka saba aiki, a auna daga idonka zuwa abin da kake dubawa. Mai karatu yakan samu santimita 35 zuwa 40, mai ɗinkin hula ƙasa da haka, mai kwamfuta wajen 60. Raba 100 da wannan nisa. Santimita 40 na bukatar 2.50, amma ba duka za ka saya ba, don idonka na da sauran ƙarfinsa. Shi ya sa ɗan shekara 42 kan wadatu da +1.00, ɗan 50 wajen +2.00, ɗan 60 wajen +2.50.

Gwaji shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa. Mai gilashi ya baza kaya a kan tebur a bakin Babbar Kasuwar Katsina, rana tsaka, ya miƙo guntun jarida: "Alhaji, gwada wannan." Ka saka, rubutu ya fito tar, ka biya. Bayan isha'i a ɗaki sai baƙi ya koma dishi-dishi. Rana ce ta yaudare ka. A haske mai ƙarfi ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido tana tsukewa har wajen milimita 2, ƙaramar ƙofa kuwa tana tace hasken da ke watsewa, ko gilashin da bai kai ba sai ya ga kamar daidai ne. In kana tantama, huda kati da allura ka leƙa rubutu ta hudar ba gilashi, za ka ga ya ƙara fitowa. Da dare ƙofar ta buɗe, taimakon ya tafi. Don haka ka tafi da littafin da kake karantawa, ka shiga cikin shago ko inuwa sosai, ka jira minti biyu kafin ka gwada. Mai kayan da ya hana ka shiga inuwa, bar masa kayansa.

Fara daga mafi rauni kana hawa, ka tsaya a na farkon da ya fito da baƙi a nisan da ka auna. Kar girman rubutu ya ruɗe ka. +3.00 yana da daɗin gani a minti na farko, amma ga mai lafiyayyen ganin nesa, duk abin da ya wuce santimita 33 hazo ne, ƙarshenta ciwon wuya da ciwon kai. Tura littafin gaba a hankali. In ya dushe kafin ka ƙara tafin hannu guda, gilashin ya yi maka ƙarfi.

Sai ka rufe ido ɗaya ka karanta, ka sauya. Na kasuwa ƙarfi ɗaya ne hagu da dama, don haka in wani ido ya fi wani, ko layi yana rabuwa biyu, arhar ba taka ba ce, sai awon asibiti. Haka ma mai ciwon suga, da wanda ake da hawan jinin ido a danginsu, don hawan jinin ido yana cin gani ta gefe ba zafi, gilashi ba ya nuna shi.

Ɗauki na roba, ya fi sauƙi a hanci. Lokacin hunturu a zuba masa ruwa kafin a goge, ƙura da bakin riga su ke kankare shi. A cire kafin a hau babur. Bayan shekara biyu ko uku a sake awon.