Yadda za ku fara sujadar iyali a gida ba tare da yara sun gaji ba

Da farko dai kar ku ce sai kun samu lokaci, ba zai zo ba. Ku tsayar da shi kawai, mu a gidanmu bayan tuwon dare ne, kafin barci ya fara ɗibar ƙananan. A kashe talabijin, wayoyi a tara su cikin kwano ɗaya har da ta maigida, don in baba na latsa waya to wa zai hana yaro?

Minti 15 ya isa. Waƙa ɗaya, aya biyu ko uku, a ba yaro ya karanta ko da yana in'ina kuma kar a yi mai dariya. Zabura 23 ko labarin Yusufu daga Farawa 37 sun fi saurin shiga kan yara. Ni dai ban ga amfanin uba ya mai da abin wa'azin awa guda ba.

Inda ya fi wuya shi ne ranar da miji da mata suka saɓa. Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kuna cikin fushi, to kafin a sunkuya a yi addu'a wanda ya yi laifi ya ce a yi haƙuri a gaban yaran, ko da baba ne. Da nauyi kam, na sani.

Sannan ku riƙa sa maƙwabta cikin addu'a da sunansu, Kirista da Musulmi duka, in an ji wani ba lafiya a aiki yaro da kunu washegari, ko ku leƙa da kanku ran Lahadi in an taso daga coci.