Yadda za ka noma abinci idan hunturun nukiliya ya rufe rana

Kusan duk wanda na gani ya fara wannan shirin, abu na farko da yake yi shi ne ya sayo fakitin iri kala ashirin ya zuba a kwali ya tura ƙarƙashin gado, shikenan a ransa ya gama. Bai taɓa shuka ko ɗaya daga ciki ba, bai san wanne ne zai tsira ba, bai san wanne ya riga ya mutu tun a shago ba. Wannan kwalin shi ne ya sa na zauna rubutun nan, don wallahi abin yana damuna.

Bari mu fara fahimtar abin da muke shiryawa. Idan aka yi yaƙi da makaman nukiliya birane suka kama da wuta, baƙin hayaƙin yana hawa can sama inda ruwan sama ba ya kaiwa balle ya wanke shi, sai ya bazu ya tare hasken rana na tsawon shekaru. Masana biyar ne suka fito da maganar fili a 1983, cikinsu har da Carl Sagan da Richard Turco. A lissafin da Alan Robock da abokan aikinsa suka yi a 2007, idan hayaƙi tan miliyan 150 ya hau, matsakaicin zafin duniya zai sauka da digiri 7 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyas, ruwan sama ya ragu kusan rabi, wurare irin su Yukiren da tsakiyar Amurka su yi sama da shekara sanyi bai daina daskarar da ruwa ba. Wani binciken na 2022 ya ce yaƙi tsakanin Amurka da Rasha zai iya kashe mutum sama da biliyan 5 ta hanyar yunwa. Kuma duniya ta taɓa ɗanɗana ƙaramin samfurinsa, dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, shekarar 1816 dusar ƙanƙara ta zuba a watan Yuni a arewa maso gabashin Amurka, amfanin gona ya lalace a Turai. Toh abubuwa uku kenan za ka yi fama da su: sanyi, ƙarancin haske, ƙarancin ruwa.

Mataki na farko, makonnin farko ba na noma ba ne. Ka shige ciki, tsakiyar gini ko ƙarƙashin ƙasa, inda bango mai kauri ya raba ka da ƙurar nukiliya mai guba da ke saukowa bayan fashewar bam. Ƙarfin tururin ƙurar nan yana raguwa da sauri, bayan awa 7 ya koma kashi ɗaya cikin 10 na yadda yake a awar farko, bayan kwana 2 ɗaya cikin 100, bayan sati 2 ɗaya cikin 1000. Ruwan da yake a rufe ka sha, abincin da yake a rufe ka ci. Madarar dabbar da ta yi kiwo a waje ka bar ta kamar wata 3, saboda sinadarin ayodin-131 yana bi ta ciyawa ya shiga nono, shi ne ya jawo wa yara da yawa kansar gaban wuya bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukiren a 1986. Rabinsa yana lalacewa duk kwana 8, shi ya sa jira yake aiki. Sannan don Allah kar ka hura gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kashe mutum yana barci.

Mataki na biyu, lissafin ajiya. Shekarar farko gonarka ba za ta ciyar da kai ba, ka cire wannan daga ranka. Babban mutum yana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 2000 a rana, kilo ɗaya na busasshen hatsi yana da wajen 3500, in ka buga za ka ga sama da kilo 200 kenan a shekara ga mutum ɗaya. Hatsi, busasshen wake, mai, gishiri, suga. Abincin gwangwanin nan da ake tallatawa da sunan na ko-ta-kwana ni dai ban ga amfanin kashe kuɗi a kai ba, da kuɗin kwali ɗaya za ka ajiye hatsin da zai ninka shi sau da yawa. Ka sayi abin da gidanka yake ci dama, kana ci daga tsohon kana ƙara sabo.

Mataki na uku, mu zo kan iri, nan ne zan daɗe, don nan ne na taɓa yin asarar da har yau nake tunawa.

Shekarar da na fara cire irin kaina na wake da fis, wato koren waken nan mai ƙananan ƙwayoyi kewayayyu, na shanya shi kwana uku, na taɓa na ji kamar ya bushe, na zuba a kwalba na ɗaure murfi tamau na ajiye ina jin daɗi. Bayan wata biyar na buɗe, wani wari ya bugo ni, farar funfuna ta lulluɓe shi kamar auduga, ƙwayoyin da ke ƙasa sun manne da juna sun yi baƙi. Na tsince masu kyaun gani na shuka layi biyu, abin da ya fito bai kai a ƙirga da yatsun hannu ba. Na tsaya a bakin layin nan na ce yanzu da a ce wannan ne abincin iyalina na baɗi fa? Bushewar waje ba ita ce bushewar ciki ba. Gwajin da nake yi yanzu shi ne in ɗora ƙwaya ɗaya a kan dutse in buga da guduma, in ta tarwatse ta bushe, in ta lotse ta baje da sauranta, a mayar da shi shanya a inuwa mai iska. Sai ya wuce wannan gwajin ake rufe shi, a wuri mai sanyi da duhu, a rubuta suna da shekara a jikin kwalbar da kuma wata takarda a ciki, don rubutun waje yana gogewa.

Kuma iri yana da rai, yana tsufa. Irin albasa shekara ɗaya zuwa biyu ya gama, na karas da wake da fis wajen uku, na kabeji yakan kai huɗu ko biyar in ajiyar ta yi kyau. Tunda ana maganar sanyin da zai iya kai shekara 10 kafin komai ya dawo daidai, ka ga kwalin can na ƙarƙashin gado zai mutu tun ba a je ko'ina ba, dole sai kana shukawa kana cire sabo. Duk shekara ka ɗebi ƙwaya 10 daga kowace kwalba ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye a wuri mai ɗumi, bayan sati ɗaya ko kwana 10 ka ƙirga. Takwas sun tsira, lafiya lau. Biyar, ka shuka shi bana ka sabunta. Biyu ko uku, ka ceto abin da za ka iya cetowa da gaggawa.

Duk fakitin da ka ga an rubuta F1 a jiki ka ajiye shi, ni ba na saya. Haɗaɗɗen iri ne, karon farko zai ba ka amfani mai kyau amma 'ya'yansa kowanne kamarsa daban, ba za ka iya dogara da shi ba. Ka nemi irin da in ka shuka jikansa ma zai fito kamar kakansa. Wani abin da yake ba sababbi mamaki kuma, kabeji da karas da albasa ba sa yin iri a shekarar farko, sai sun sha sanyi sun shiga shekara ta biyu suke fure. Na ga wanda ya cinye kabejinsa kaf yana jiran ya ga iri. Dole ka zaɓi mafi kyau, ba guda ɗaya ba, da yawa, ka bar su ko ka tono su da saiwa ka adana inda ba za su daskare ba ka sake dasawa. Da yake ƙudan zuma ba sa fita cikin sanyi sosai, ka jingina da amfanin da yake yi wa kansa barbara, alkama, sha'ir, fis, wake, sauran kuma ka koyi shafa fure da fure da ɗan burushi.

Irinka ka raba shi uku, na shukar bana, na maimaici in ta lalace, da wanda ba a taɓawa ko me ya faru, kuma kar su zauna wuri ɗaya. Kowa a gidan ya san wannan kason na uku ba abinci ba ne. Lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Rasha ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, akwai ma'aikatan cibiyar adana iri ta Vavilov da yunwa ta kashe alhali suna gadin tarin shinkafa da sauran iri, suka ƙi ci. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Mataki na huɗu, me za a shuka. Masara, dawa, gero, shinkafa, tumatir, duk 'yan zafi ne, in dare ya yi sanyi za su tsaya cak ko su yi fure babu ƙwaya. Dankalin turawa shi ne a gaba a wurina, yana son sanyi-sanyi, yana ba da abinci mai yawa a ƙaramin fili, akwai mai nuna cikin wata 3. Amma ka sani ganyensa yana ƙonewa in sanyi ya kai ga daskarewa, sai an rufe shi da dare, kuma in shi kaɗai za ka ci sai ka ci sama da kilo 2 da rabi a rana, ka yi lissafin filinka da wannan. Bayansa sha'ir da hatsin rai, wato wani ɗan'uwan alkama mai jure sanyi da ake kira rye, sai fis, sai kabeji da karas. Latas da sauran ganyen kwalliya ka bar musu ɗan lungu kawai, ba sa riƙe ciki. Naman kaza da mutane suke ta zuzutawa don yana fitowa a duhu a kan ruɓaɓɓen itace, eh yana fitowa, amma kalorinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma na daji yana zuƙar siziyom-137, wani sinadari mai guba da ke cikin ƙurar nukiliya, sosai, kar ka tsinto.

Maganar ƙasa: in ƙura ta sauka a filinka, ka kankare saman kamar santimita 5 ka kai nesa ka binne, haka aka yi a gonaki da yawa a Fukushima ta Japan bayan hatsarin tashar nukiliyarta a 2011. Siziyom-137 da ɗan'uwansa a guba sitirontiyom-90 sai sun yi wajen shekara 30 rabinsu yake lalacewa, jira ba zai yi ba. Dabarar ita ce shuka tana ɗaukar siziyom a madadin fotashiyam, sitirontiyom a madadin kalshiyam, toh in ka ƙosar da ƙasar da takin fotash da garin farar ƙasa sai ta rage zuƙarsu. Tokar itacen da ƙurar ta sauka a kansa kar ka zuba, gubar tana taruwa a cikinta.

Mataki na biyar, rumfar leda. Ba sai ka sayi ta kamfani mai tsada ba, sanduna ko fayif da aka lanƙwasa, farar leda mai kauri, duwatsu a danne gefe. Ledar ce abin saye tun yanzu, ka ninka abin da kake ganin ya ishe ka, rana da iska suna cinye ta. Ka jera jarkoki ko durom da aka shafa wa baƙin fenti cike da ruwa a ciki, da rana su sha ɗumi da dare su saki. Da yamma ka ƙara lulluɓa tsohon bargo ko buhu. In kana da kashin dabbobi ɗanye, ka haƙa rami ka cika shi da shi haɗe da ciyawa ka ɗora ƙasa a kai, yana ruɓewa yana ba da zafi daga ƙasa na makonni, da wannan manoman lambu na Faris suke fitar da kayan lambu tsakiyar hunturu a ƙarni na 19.

Kuskuren kowa a nan tsoron sanyi ne yake sa su toshe ko'ina su kuma yi ta ban ruwa. Sai ka shiga da safe ka ga ruwa na ɗiga daga leda, yabanyar ta ruɓe daga gindi ta kwanta. Shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa da yawa. Ka tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi ka bar ta, kuma ka ɗaga bakin ledar da tsakar rana ko na rabin awa ne. Ka bar tazara fiye da yadda ka saba don kar su yi wa juna inuwa, ka riƙa goge ledar. In ka ga tsiro ya yi tsawo siriri ya ɗashe, haske yake nema, ƙarin taki ba zai gyara shi ba.

Sauran a gurguje. Dankali a ajiye a duhu mai sanyi inda ba zai daskare ba, wanda ya yi kore kar a ci, a ware na shuka tun ranar tono. Wata biyu zuwa uku babu ɗanyen abu dasashi zai fara jini, maganinsa ka jiƙa fis ko alkama su tsira a kwalba, kana ɗauraye su sau biyu a rana, wannan ba ya buƙatar rana, amma daga hatsin ci za ka ɗiba ba daga iri ba. Manyan dabbobi a rage su da wuri a busar da naman, a bar kaɗan na haihuwa da taki. Masu bakin teku su koyi noman ciyawar teku a kan igiya, tana jure ƙarancin haske, sai dai ayodin ɗinta yana da yawa, ba a cika ciki da ita. Idan hayaƙin ya fara washewa rana za ta fi da ƙuna saboda rigar ozon, wato iskar da ke can sama tana tare haskokin rana masu ƙona fata, ta lalace, a rufe fata, a sa hula da tabarau. Kuma ka haɗa kai da gidaje biyar ko shida tun yanzu, kowa ya riƙe iri biyu ko uku yana sabuntawa duk shekara ana musaya, kowane iri ya kasance a hannun gida biyu aƙalla.