Darasi na 7: Maigida ya koyi na gona, uwargida fa?

Damina a ƙasar Sakkwato gajera ce. Ruwa kan zauna a watan Yuni, kafin Satumba ya ƙare ya fara janyewa. Yanzu kuma ba shi da alkawari. A yi shuka, ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Wata shekarar ya wuce kima, kamar 2010 da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a yankin Goronyo.

Abin da maigida ya fi bukatar koyo yana gona. Ya saurari hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, a rediyo kafin ya zuba iri. Ya nemi iri mai saurin nuna, kamar geron SOSAT. Inda ƙasa ta zama faƙo, ya haƙa ƙananan ramuka, ya zuba takin gida, ramin ya riƙe ruwa.

To, amma da zarar amfani ya shigo gida, hannun wa yake komawa? Uwargida ce mai sussuka da shiƙa. Ita ke shanya gyada, ta matse mai, ta soya ƙuli-ƙuli. Ita ke kiwon jar akuyar da ake kaiwa kasuwa in rumbu ya yi ƙasa. Duk da haka, in malamin gona ya zo, da hantsi yake tara maza a ƙofar gidan mai gari, ita kuwa tana gaban murhu. Wannan abu yana damuna, don na ga wake mai kyau ya zama gari cikin wata biyu saboda ba wanda ya nuna mata yadda ake adana shi.

Ga yadda ake yi da buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. A shanya wake ya bushe ƙayau, a fitar da datti. A hura kowace leda a tabbatar ba huji. A zuba waken, a matse iska, a ɗaure leda ta farko ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Ba a sa magani. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu. A ɗora buhun kan katako, nesa da bango da ɓera.

Darasin mata ya fi shiga in mace ce malama, a cikin gida, bayan azahar, kuma kowa ta ɗaure ledar da hannunta. Su ma suna son jin hasashen damina, don su san yawan harawar da za su tanadar wa awaki kafin bazara.

Aikin gida: Rubuta ayyukan noma uku da mata ke yi a gidanku. Tambayi matar gidan wanne take so a fara koya mata, ka rubuta amsarta yadda ta faɗa.